Yafe wa Najeriya bashin Paris Club

Yafe bashin Paris Club yarjejeniya ce da Najeriya ta ƙulla a watan Oktoba na 2005 da ƙungiyar ƙasashen da ke bin ta bashi, waɗanda ke zamansu a birnin Paris na Faransa. Daga cikin kusan dala biliyan 30 da ake bin ta, an yafe biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12, bisa alƙawarin cewa kuɗin da suka huta daga biyan bashi za su tafi ga lafiya, ilimi da ruwan sha.

Asalin bashin

Rancen waje na farko da aka fi ambata shi ne na dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958, don kai layin dogo Borno. Bashin bai yi nauyi ba sai a 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ciwo dala biliyan 1 daga bankunan waje. A zamanin Shagari gwamnatin tarayya da jihohi suka yi ta rance da tsammanin kuɗin mai, sai farashinsa ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982.

Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan karɓar rancen Asusun ba da Lamuni na Duniya, jama'a suka ce a kai kasuwa. Duk da haka a 1986 ya kawo shirin gyaran tsarin tattalin arziki, wato SAP, wanda sharuɗɗansa kusan ɗaya ne da na Asusun. Naira ta karye, magani ya yi tsada, asibitocin gwamnati suka koma wurin da ake rubuta wa majiyyaci takarda ya je kemis ya sayo har da auduga da sirinji. An yi tarzomar ƙin shirin a 1989.

An sake jadawalin biyan bashin a 1986, 1989, 1991 da 2000, amma ƙaruwa ya yi ta yi. Babban kason abin da ake bi a 2005 kuɗin ruwa ne da tarar jinkirin biya, mafi yawa daga shekarun mulkin soja. Birtaniya ce ta fi kowa bin kuɗi.

Tattaunawa

Obasanjo, da ya dawo a farar hula a 1999, ya kafa Ofishin Kula da Basussuka a 2000. Ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ce ta jagoranci tattaunawar, tare da shugaban ofishin, Mansur Muhtar. Daga asusun rarar kuɗin ɗanyen mai aka fitar da abin da aka biya, aka kammala a Afrilun 2006.

Inda kuɗin suka tafi

An ƙiyasta abin da ya huta a kan kusan dala biliyan 1 a shekara, kashi uku cikin huɗu na tarayya, sauran na jihohi. Ofishin muradun ƙarni, wato MDGs, ƙarƙashin Amina Mohammed ne ya kula da kason tarayya. Wajajen 2007 aka fara ba jihohi tallafi bisa sharaɗin su ma su zuba nasu, aka gina ajujuwa, ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse, galibi da harufan MDGs a jikin bango. A 2009 aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, wanda ya raunana da alawus ya riƙa makalewa.

Saɓanin ra'ayi

Wasu na ganin biyan biliyan 12 cikin wata shida ya yi wa ƙasa mai fama da talauci yawa. Wasu kuma sun ce da an ƙi biya, da tara ta ci gaba da hauhawa.

Bayan yarjejeniyar

Zuwa ƙarshen 2022 bashin waje ya sake taruwa har ya haura dala biliyan 40. Kasafin tarayya bai taɓa ba lafiya kashi 15 cikin ɗari da shugabannin Afirka suka amince da shi a Abuja a 2001 ba.