Kafin Ka Sauke Jakarka a Longyearbyen

Tun da na ajiye aikin kicin a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido na zauna a garin nan na Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard da ke can arewa da ƙasar Norwe, ba a mako guda ba a aiko min da tambayoyin nan ba. Zan amsa su sau ɗaya, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake tambayata.

Da gaske ne ba a buƙatar biza?

Da gaske ne. An sa hannu kan yarjejeniyar Svalbard a Faris a 1920, ta fara aiki a 1925. Norwe ce ke mulkin tsibiran, amma ba a neman biza ko takardar izinin zama a nan. Sai dai kar ka sayar da babur ɗinka tukuna, ɗan'uwa.

A ina wurin yake?

A tsibirin Spitsbergen, kimanin kilomita 1,300 daga ƙuryar arewacin duniya. Mutanen garin kusan 2,500 ne. Babu bishiya ko ɗaya, babu kuma titin mota da ya haɗa shi da wani gari.

Zan iya zuwa da kyanwata?

A'a. An hana, saboda tsuntsaye.

Jirginmu zai gama tafiyarsa a Longyearbyen. Zan iya sauka in yi zamana kawai?

To, a nan ne nake so ka natsu, domin amsar ba eh ba ce kai tsaye, ba kuma a'a ba ce. A doka, babu wanda zai tare ka a bakin gaɓa. Amma sharaɗin zama shi ne ka iya ɗaukar nauyin kanka, kuma gwamnan Svalbard yana da ikon korar wanda ba shi da abin riƙe kansa. Tallafin da gwamnatin Norwe ke ba marasa ƙarfi a can babban yankin ƙasar bai iso nan ba. In aljihunka ya bushe, jirgin sama za ka hau.

Abin da ya fi karya mutane shi ne ɗaki. Yawancin gidajen garin na ma'aikatu ne da kamfanoni, su ke ba ma'aikatansu. Wato aiki ne ke kawo makulli, ranar da aikin ya ƙare kuma sau da yawa makullin ya tafi. Ni da na sauko a ƙarshen Agusta, wani mai gidan abinci ya yi min alkawarin aiki da ɗaki da baki kawai. Na zo na tarar ya ba wani ɗakin. Sati uku ina kwana a kujerar falon wani abokin aikina, jakata a ƙarƙashin teburi, kullum da safe in naɗe bargo kafin masu gidan su tashi. Da ba don Allah ya haɗa ni da mutumin kirki ba, da tuni na koma. Saboda haka kar ka yarda da maganar baki. A rubuta maka, har da batun ɗaki.

Sai kuma lokacin saukarka. Jiragen ruwa na zuwa ne a watannin rani, su janye kafin watannin duhu, da rana ba ta fitowa, su shigo, to kai kuma a daidai lokacin da aikin otel da na jagoran baƙi ke raguwa za ka sauka. Aiki yakan sake buɗewa wajen Fabrairu da Maris, lokacin yawo da baburan ƙanƙara. Idan kana da abin da zai riƙe ka waɗannan watanni, wataƙila ka iya. Idan ba ka da shi, ni dai ba zan ba ka shawarar gwadawa ba. Kar kuma ka sa rai da haƙar kwal: mahaƙar Norwe ta ƙarshe, Gruve 7, an rufe ta a 2025.

Ga wani tarko kuma ga mai fasfo na Najeriya ko Nijar. Jiragen sama daga nan Oslo ko Tromsø suke sauka, wato cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, shi kuwa Svalbard yana wajensa. Kana iya shigowa ta ruwa lafiya lau, ranar fita ka ga kana buƙatar biza. In ta Norwe ka biyo, ka tabbata bizarka ta shiga sau biyu ce. In kuwa ma'aikacin jirgi ne kai, ka gama kwantiraginka a sallame ka da takarda. Wanda ya sulale da daddare ya ɓata sunansa a gari ƙarami, inda kowa ya san kowa.

Idan na daɗe za a ba ni takardar zama a Norwe?

A'a. Shekarun da ka yi a nan ba a ƙirga su. Duk wanda ya gaya maka akasin haka kuɗinka yake so.

Beyar za ta cinye ni?

Kwantar da hankalinka, a cikin gari yara ma zuwa makaranta suke yi. Amma akwai allunan gargaɗi masu hoton farar beyar a bakin gari, kuma doka ce kar ka wuce su ba tare da abin tsorata ta ba. Mutane bindiga suke ratayawa. Kai baƙo, bi jagora. Ba wurin ɗaukar hoton nuna jarumta ba ne.

Yaya ake sallah da azumi inda rana ba ta faɗuwa?

Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu kuma ba ta fitowa. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka ce a ƙaddara lokacin. Wasu na bin lokutan Makka, wasu na bin gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana. Tambayi malaminka kafin ka taso, ka riƙe ɗaya. Kar ka riƙa sauyawa don neman gajeren azumi.

Matata na da ciki, za ta iya haihuwa a can?

A'a. Asibitin ƙarami ne, masu ciki kan tafi babban yankin Norwe makonni kafin lokacinsu. Kun ga biza ta sake shigowa ke nan. Batun jana'iza ma ku sani: ba a binne gawa a akwati ko likkafani a nan, ƙasar a daskare take, ba ta cin jiki.

Duhun nan, ana jure shi?

Ana jurewa, amma ba a raina shi. A Disambata ta farko nakan farka in dubi agogo ya nuna ƙarfe bakwai, in rasa na safe ne ko na dare, sai na duba waya. Ka tsayar wa kanka lokacin barci da na abinci, ka riƙa shiga mutane ko ba ka so, ka sa riga mai ƙyalli da tocila a goshi in za ka fita. Ranar 8 ga Maris jama'a kan taru a matakalar tsohon asibiti, kusa da coci, yara da hoton rana a wuyansu, ana jiran ta leƙo ta bayan dutse. Ni hawaye na yi a wurin.

Me zan fara yi ranar da na sauka?

Cire takalminka a ƙofa. Al'ada ce tun zamanin masu haƙar kwal, har a wasu otel-otel da gidan tarihi. Ka zo da safa mai kauri.