Sanƙarau mai tasowa daga ciwon kunne da kogunan hanci

Wannan nau'in sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wanda ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa bayan sun kutsa daga kunnen tsakiya (sashen da ke bayan dodon kunne) ko daga kogunan ƙashin da ke kewaye da hanci. Ya bambanta da sanƙarau na annoba da ke ɓarkewa lokacin zafi a Arewa da Nijar. Ba ya jiran bazara, kuma ƙwayar da ta fi jawo shi ita ce Streptococcus pneumoniae.

Ƙashin da ya raba kunnen tsakiya da ƙwaƙwalwa siriri ne ƙwarai. Idan kunne ya daɗe yana zubar da mugunya, cutar kan ci wannan ƙashin, ko ta bi ƙananan jijiyoyin jini ta shige ciki. Ƙashin bayan kunne kan kumbura har ya turo kunnen gaba. A ɓangaren hanci kuwa, kogon goshi da waɗanda ke tsakanin idanu sun fi haɗari.

Alamominsa su ne zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, sandarewar wuya, amai, ƙin haske da ruɗewa. Jariri ba lallai wuyansa ya sandare ba. Sai dai ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura, ko ya riƙa jijjiga. A nan ake yawan kuskure, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ba tare da an leƙa kunnen ba.

Ana tabbatar da cutar ta ɗibar ruwan laka a ƙasan baya, amma ba a jinkirta magani don jiran gwaji. Babba ana yi masa allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, giram 2 ta jijiya duk awa 12, tsawon kwana 10 zuwa 14. Ana haɗawa da dexamethasone miligiram 10 duk awa 6 na kwana 4, a fara shi kafin allurar farko ko tare da ita, domin rage kumburi da kurumta.

Allura kaɗai ba ta wadatarwa muddin mugunyar na nan a maƙale. Likitan kunne kan tsaga dodon kunne ko ya yi tiyata a ƙashin bayan kunne ya kwashe ta, in ba haka ba cutar na iya dawowa. Wanda ya warke a gwada jinsa da wuri.

Rigakafin PCV (na ƙwayar Streptococcus pneumoniae) da Penta (na cututtuka biyar a haɗe) da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 yana rage aukuwar cutar.