Haɗurran gwajin Fiziks a gaban aji da hanyoyin kariya

Gwajin nuni shi ne wanda malamin Fiziks yake yi da hannunsa ɗalibai suna kallo, ya bambanta da firaktikal irin na WAEC da NECO inda kowa ke riƙe da nasa kayan. A makarantun sakandare da yawa a Kaduna kayan lab ba sa isar kowa, saboda haka nunin malam ne aka fi samu, yara su yi dafifi a kan tebur ɗaya kowa na leƙo wuya, kuma wannan cunkoson da kayan yau da kullum irin su soket da sifirit sun fi manyan na'urori jawo matsala.

Tarihi

Tun farkon binciken lantarki masana ke shan wuya. A wajajen 1745 ko 1746 aka ƙirƙiro kwalbar Leyden, wato kakar kafasita ta yanzu (na'urar da ke tara cajin lantarki), kuma Pieter van Musschenbroek na garin Leiden a Holan ya sha jan wuta mai tsanani a hannunta har ya rubuta wa abokin aikinsa cewa ba zai sake gwadawa ba. Duk da haka abin ya zama kamar wasan kallo a Turai, a Faransa Jean-Antoine Nollet ya riƙa jera mutane su riƙe hannun juna ya sakar musu wutar su zabura lokaci ɗaya. A 1753 kuma tsawa ta kashe Georg Richmann a Saint Petersburg ta Rasha yana cikin gwajin auna wutar hadari da sandar ƙarfe da ya haɗo zuwa cikin ɗakinsa. Zaiba ta shigo gwajin iska ne da baromitar Torricelli, wato na'urar auna nauyin iska, a Italiya, 1643 ko 1644, ta daɗe a ɗakunan gwaji kafin a ɗauki gubarta da muhimmanci.

Wutar lantarki

Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce, tana iya kisa, musamman in ta bi ta ƙirji daga hannu zuwa hannu ko hannun ya jiƙe. Shi ya sa gwajin aji da batir ake yinsa ko na'urar da ke rage wuta zuwa bolt 12 ko ƙasa, ba a jona waya tsirara a bango. Akwai wani haɗari da mu nan muka fi sani, an ɗauke wuta malam ya saki jiki yana haɗa wayoyi da hannu, sai a dawo da ita ba sallama, to dole a zare filogi daga soket ko da babu wuta. Janareta kuma waje ake ajiye shi nesa da taga saboda hayaƙinsa. Babbar kafasita, irin ta tsohuwar talabijin, tana riƙe caji bayan an kashe, sai an sauke cajin kafin a taɓa.

Na'urar Van de Graaff, mai sa gashi ya miƙe, ta fi aiki da hunturu lokacin da iska ta bushe, da damina kam sai ta yi ta ba malam kunya. Mai ciwon zuciya ko na'urar bugun zuciya ba ya matsowa kusa. Ana saɓani kan ko ya dace ɗalibai su taɓa ta, wasu makarantu sun yarda wasu sun hana.

Zaiba

In tamomita ta fashe zaibar tana watsewa ƙananan ƙwallaye masu sheƙi, yara kuma suna son wasa da su a tafin hannu. Tururinta ne guba, ba shi da wari. Ba a share ta da tsintsiya don ƙara tarwatsa ta take yi, ana fitar da ɗalibai, a buɗe tagogi, a sa safar hannu a tattara da kwali a zuba a kwalba mai murfi, ragowar a barbaɗa mata garin farar wuta. Bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage amfani da zaiba, ana ta komawa tamomita mai jan ruwa ko ta dijital.

Zafi da harshen wuta

Harshen wutar sifirit da rana da kyar ake ganinsa, mutum sai ya ɗauka ta mutu ya ƙara zuba sifirit, nan take ta bi kwalbar. Dogon hijabi da hannun riga mai faɗi ana tattare su kafin a matso. Gilashi mai zafi kamanninsa ɗaya da mai sanyi. Ƙuna ana sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20, ba man goge baki ko manja ba.

Haske

Lezar aji, wato fitila mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, bai kamata ta wuce miliwat 1 ba, amma koren nan da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa ya fi abin da aka rubuta a jikinsa ƙarfi. Ba a haska ta a tsayin idon wanda ke zaune, a kula da madubi da agogon hannu. Ba a kallon rana ta lens ko da lokacin husufi ne, irin na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Najeriya.

Nauyi da waya

Wayar da aka rataya wa nauyi tana iya tsinkewa ta fyaɗi ido, ana sa tabarau na kariya a kuma ajiye bokitin yashi a ƙasa.

Kayan radiyeshan

Ba kasafai ake samunsu a sakandare ba. Hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya ce ke ba da lasisinsu, a jihar Kaduna cibiyar binciken makamashi ta CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ce ta shahara da aikin.