Zheng Haixia

Zheng Haixia tsohuwar 'yar wasan ƙwallon kwando ce ta ƙasar Sin, wadda aka haifa ranar 10 ga Maris, 1967, a yankin Shangqiu na lardin Henan. Tsawonta ya haura mita 2, kuma 'yar wasan tsakiya ce, wato mai tsayawa a gindin kwando. Ita ce 'yar ƙasar Sin ta farko da ta buga a gasar ƙwararrun mata ta Amurka, WNBA.

Ta fito ne daga gidan manoma, kuma tsawonta ne ya jawo hankalin masu horarwa tun tana ƙarama. Daga bisani ta shiga ƙungiyar Bayi, wadda ke ƙarƙashin rundunar sojan ƙasar, inda ta yi yawancin wasanninta na cikin gida. Tana da shekara 16 ta buga wa ƙasarta a gasar cin kofin duniya ta 1983 a Brazil, suka dawo da lambar tagulla, sannan suka sake samun tagulla a gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984. Sau huɗu ta halarci Olamfik, a 1984 da 1988 da 1992 da 1996. A Barcelona a 1992 ƙungiyar Sin ta kai wasan ƙarshe, amma haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat ta doke ta da maki 76 da 66.

Tauraruwarta ta fi haskawa ne a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Ostireliya. A wannan gasa tana cin maki 26.4 a kowane wasa bisa matsakaicin lissafi, tana kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 13.1, alhali fiye da kashi 80 cikin ɗari na jifanta suna faɗawa cikin raga, abin da ba kasafai ake gani ba a gasa mai wannan girma. Brazil, wadda 'yan wasanta Hortência da Paula ke jagoranta, ita ta lashe wasan ƙarshe a Sydney da maki 96 da 87, duk da haka Zheng aka zaɓa gwarzuwar gasar. Masu ɗaukar cewa girman jiki kaɗai ya kai ta nan ba su yi mata adalci ba, domin ta san inda za ta tsaya kafin ƙwallo ta iso, hannunta kuma yana da laushi wajen jifa daga kusa, kuma da wuya ta yi jifan da ba ta da tabbas a kansa.

Lokacin da aka fara gasar WNBA a 1997, ƙungiyar Los Angeles Sparks ta ɗauke ta tana gab da cika shekara 30, bayan shekaru masu yawa na wasa sun riga sun taɓa mata gwiwoyi. Ta buga tare da fitacciyar 'yar wasan Amurka Lisa Leslie, ta kuma fi kowa a gasar yawan jifan da ke shiga a kakar farko, da kashi 61.8 cikin ɗari. A shekarar ce aka ba ta lambar yabo ta ladabi da kyakkyawar ɗabi'a a filin wasa. Wasanni kaɗan ta buga a kakar 1998 kafin ta bar gasar.

Bayan ta daina wasa ta koma horar da ƙungiyar mata ta Bayi. Wasu 'yan ƙasarta sun bi sahunta zuwa WNBA, irin su Sui Feifei da Miao Lijie a 2005, sai kuma Han Xu da Li Yueru a baya-bayan nan. A 2021 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sanya sunanta cikin jerin fitattun 'yan wasan da take karramawa, kuma sai a 2022 ne matan Sin suka sake kai wa wasan ƙarshe na kofin duniya, shekara 28 bayan wanda Zheng ta buga.