Ƙaton sikwid na ƙasan teku da yadda ake gane girmansa

Sikwid wata halitta ce ta teku mai laushin jiki marar ƙashi, dangin dodon koɗi ce ta nesa duk da a ido basu yi kama ba, tana da hannaye takwas sannan da wasu dogaye guda biyu da take cafko abinci da su, bakinta kuma kamar na aku yake, mai tauri da kaifi. Mu nan Zariya da ruwan da muka sani bai wuce Galma da Kubanni da dam ɗin Samaru ba, jin labarinta kamar tatsuniya ne, amma dai akwai ta, kuma manyan cikinta suna zaune ne a zurfin da hasken rana baya kaiwa, shi yasa ganinsu da rai ke da wuyar gaske.

Nau'i biyu aka fi magana a kansu. Na farko shi ne Architeuthis dux, wanda wani masani ɗan Denmak mai suna Japetus Steenstrup ya raɗa wa suna a 1857. Daga lokacin har kusan shekara 150 babu wanda ya ɗauki hotonsa da rai a muhallinsa, sai gawa da ruwa ya turo gaɓa ko guntaye a cikin tumbin wel, wata ƙatuwar dabbar teku mai ƙaton kai da ke cinsa. Sai a watan Satumba na 2004 wasu 'yan Japan biyu, Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori, suka samu hotunansa kusa da tsibiran Ogasawara a zurfin wajen mita 900, bidiyonsa kuwa a can ƙasa sai 2012 aka samu, aka nuna wa duniya a Janairun 2013. A 2019 aka sake ganin wani a Tekun Meziko da wata kyamara da ake kira Medusa, wadda dabararta ita ce bata hayaniya kuma tana amfani da jan haske da dabbobin wurin basa gani sosai, don injin mai hayaniya da fitila mai ƙarfi korarsu yake yi.

Na biyu shi ne Mesonychoteuthis hamiltoni na ruwan sanyin Antatika, an bayyana shi a 1925 daga guntayen hannaye da aka ciro daga cikin wel. Bai kai na farko tsawo ba amma ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. A Fabrairun 2007 masunta 'yan New Zilan suka kamo guda a Tekun Ross mai kilo 495, wato kusan buhun masara biyar kenan, yana nan a gidan tarihi na Te Papa a Wellington. Idonsa ya kai santimita 27, ya fi ƙwallon ƙafa faɗi. Shi wannan sai a Maris na 2025 aka fara ɗaukar bidiyonsa a muhallinsa kusa da tsibiran South Sandwich, kuma ɗan ƙarami ne da bai wuce santimita 30 ba.

To maganar girma fa, nan ne ake yawan tafka kuskure, kuma abin yana damuna idan naga ana yawo da hoto a Facebook wai sikwid mai mita 50. Matsalar ita ce waɗannan dogayen hannaye biyu kamar roba suke, idan dabbar ta mutu jiki ya saki ana iya jansu su miƙe fiye da yadda suke tana da rai, kenan mutum biyu zasu auna gawa ɗaya kowa ya faɗi nashi. A 1887 an samu wata gawa a gaɓar New Zilan aka ce ta kusa mita 17, alhali gangar jikinta bata kai mita 2 ba, sauran duk hannu ne da aka ja. Shi yasa masana suka fi yarda da tsawon gangar jiki, wato wannan buhun naman da ya lulluɓe kayan ciki, don shi baya miƙewa haka, kuma a Architeuthis da ƙyar yake wuce mita 2 da kwata. Idan an haɗa da hannaye ana ƙiyasta macen zata kai mita 13, namijin wajen 10, ka kwatanta da tsawon motar lagzuriya da ke lodin Legas, sai dai mafi yawan tsawon siririn hannu ne ba tsoka ba. Akasin haka ma yana faruwa, na Te Papa ɗin nan a ƙanƙara aka ajiye shi, da aka narkar da ƙanƙarar sai aka tarar ya ƙanƙance zuwa mita 4 da 'yan kai.

Akwai kuma hanyar baki. Cikin wel baya narkar da bakin sikwid, saboda haka ana tara su a auna, a kwatanta da bakin wanda aka san girmansa, kuma an samu bakunan da suka fi na wancan mai kilo 495 girma, alamar akwai yayyensa a ƙasa da ba'a gani ba. Tabon da sikwid ke bari a fatar wel kuwa ba abin dogaro bane, don idan tun wel ɗin yana yaro ya samu tabon, tare suke girma.

Bidiyo ma nashi ruɗin daban, a cikin duhun ruwa babu bango babu bishiya babu mutum a gefe da zaka ce ga ma'auni, ƙaramin abu kusa da kyamara sai ya zama dodo. Maganin da aka samo shi ne a ɗaura fitilun leza guda biyu, waɗanda aka san tazarar da ke tsakaninsu, a jikin na'urar ɗaukar bidiyon, ɗigon biyu su sauka a jikin dabbar sai a lissafa. Da haka aka auna Magnapinna, sikwid ɗin nan mai hannaye sirara kamar zare masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, a kudancin Ostireliya, wanda aka auna ya ɗan haura mita 1.8. Shi wannan nau'in bidiyonsa na 2007 daga wata rijiyar mai a Tekun Meziko ne ya sa duniya ta san shi, an kuma gan shi a zurfin da ya haura mita 6,000 a ramin tekun Filifin, kuma har yau babu wanda ya riƙe babbansa a hannu balle ya ɗora masa tef.