Ku daina auna zazzaɓin dabba da tafin hannu

Yawancin dabbobin da ake kira na in duba, sai in tarar an riga an ɗura musu magani. In na tambayi abin da ya faru, a ce jiki ne ya yi zafi. Wa ya auna? Babu. An dai taɓa kunne, aka jiƙa farasitamol aka ba ta.

'Yan uwana masu kiwo, don Allah ku bari. Zafin jikin dabba ba irin namu ba ne. Lafiyayyar saniya tana wajen digiri 38.5, akuya da tunkiya wajen 39, kaza kuwa 41 ko ta ɗan haura. Kai da jikinka ke 37, dole ka ji su da ɗumi.

Ƙwaƙwalwa ce ke saita wannan zafin, da wasu ƙananan sinadarai da ake kira feftayid. Wasu su ɗaga shi, wasu kamar basofiresin su sauko da shi in zazzaɓi ya taso. A 1978 masu bincike a Kanada suka gano cewa tumakin da ke dab da haihuwa ba sa yin zazzaɓi sosai, ko an yi musu allurar abin da ke tayar da shi. Ke nan tunkiya mai tsohon ciki tana iya kwana da cuta, jikinta bai nuna ba. To, me hannunka zai gaya maka?

Na san tausayi ne ke sa ku, ba mai son ganin dabbarsa ta daina cin abinci, kunne a saɓule. Amma wannan maganin yana danne zazzaɓin ne kawai, cutar na nan tana ci. In na zo na auna, ma'aunin ya nuna lafiya lau, alhali ba lafiya. Kun ɓata min sawu ke nan. Kyanwa kuwa, ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe ta. Ibuprofen yana lalata cikin kare da ƙodarsa. Kuma dabbar da rana ta dafa, tana haki baki a buɗe, ba zazzaɓi take yi ba, maganin zazzaɓi ba zai tsinana mata komai ba.

Ku sayi ma'aunin zafi, ku shafa masa mai, ku sa a dubura a hankali, zai fi kyau da sassafe. Ku rubuta abin da ya nuna. A kai dabbar inuwa, a ba ta ruwa, a ware ta daga sauran. Sannan ku kira likitan dabbobi, kuma in kun riga kun ba ta wani abu, ku faɗa masa sunansa da lokacin da kuka ba ta.