Faibiromayaljiya

Faibiromayaljiya larura ce ta ciwon jiki mai daɗewa da ke kama sassa da yawa lokaci ɗaya, dama da hagu, sama da ƙugu da ƙasansa, har tsawon wata 3 ko fiye. Tana tafe da kasala, barcin da ba ya wartsakarwa, da mantuwa. An ƙiyasta tana shafar kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na mutane, kuma mata sun fi yawa. A Kano ba ta da sunan kanta. Masu ita kan ce "ciwon jiki" ko "sanyin ƙashi", sunayen da ake kiran wasu cututtukan da su.

Tarihi

A 1904 likitan Ingila William Gowers ya kira irin wannan ciwo faibirosaitis, bisa zaton kumburi ne a jijiyoyi da tsoka. Sunan ya yi shekara kusan 70 ana amfani da shi, alhali ba a taɓa tabbatar da kumburin ba. A tsakiyar shekarun 1970 Harvey Moldofsky da Hugh Smythe a Kanada suka nuna cewa barci mai nauyi na masu ciwon yana yawan katsewa, kuma idan aka hana lafiyayyu irin wannan barci su ma jikinsu kan ɗauki tsami. A wajajen 1976 aka soma amfani da sunan yanzu, wanda aka harhaɗa daga Latin da Girkanci, ma'anarsa ciwon tsoka da jijiya.

A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ma'auni: likita ya danna wurare 18 a jiki da ƙarfin kusan kilo 4, idan 11 suka yi zafi an tabbatar. Ma'aunin ya bar maza da yawa a baya, kuma hannun likitoci ba ɗaya ba ne wajen dannawa. An sauya shi a 2010, aka sake gyarawa a 2016. Yanzu ana ƙirga inda ke ciwo cikin wurare 19, a haɗa da makin kasala, barci, tunani da wasu alamomi, daga 0 zuwa 12.

Musabbabi

Ra'ayi mafi rinjaye shi ne ƙwaƙwalwa da laka ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, har taɓawa kaɗan ta zama raɗaɗi. Tana bin dangi, kuma takan taso bayan haɗari, rashin lafiya ko tashin hankali. Har yau akwai saɓani kan ko cuta ɗaya ce ko tarin alamomi.

Ganewa

Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna ta. Ana yin gwaji ne don kore wasu: ƙarancin jini, raunin aikin tayroid (ƙwayar wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo), ƙarancin bitamin D, amosanin gaɓɓai, da sikila. Wata matsala da ake gani a birni ita ce a yi ta shan maganin maleriya da taifot daga kemis wata da watanni, ko a danganta abin da sammu ko iska, tunda sakamakon asibiti ya fito lafiya lau. Mai irin wannan ciwo ya fi dacewa da likitan gaɓoɓi ko na cikin jiki, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Magani da zaman yau da kullum

Motsa jiki shi ne abin da shawarwarin likitocin Turai na 2017 suka fi ƙarfafawa. Ana farawa da tafiya ta minti 5 zuwa 10, da sassafe ko bayan la'asar saboda rana, a ƙara minti 1 ko 2 kowane mako har a kai minti 30, sau 2 ko 3 a mako. Kuskuren da aka saba yi shi ne ranar da jiki ya yi sauƙi a haɗa wanki, shara da cefane, sai a kwanta kwana biyu. Gara a rarraba aikin, a huta kafin ciwon ya taso. Da yawa kan ce hunturu na tsananta musu. Wanka da ruwan ɗumi na sassautawa. A tsayar da lokacin kwanciya, a bar shayi mai ƙarfi da goro da yamma.

Likita kan fara da amitiriftilin miligiram 10 kafin barci, ya ƙara zuwa 25 ko 50. Yana busar da baki, abin lura ga mai azumi. Amurka ta amince da firegabalin a 2007 da duloksetin a 2008. Suna rage ciwon ga wasu kawai, kuma firegabalin na sa jiri, ƙiba da sabo. Dikulofenak da ibufurofen ba su cika amfani ba tunda babu kumburi, kuma yawan shansu na jawo olsa da lalata ƙoda. Haɗin da ake sayarwa a ƙulle mai ɗauke da firedinisolon ba ya maganinta, sai dai ya tayar da suga da hawan jini. Turamadol da kodin kuwa suna kama mutum, kuma daɗewa a kansu na iya ƙara jin zafin.

Larurar ba ta lalata gaɓoɓi, ba ta shanye jiki. Takan lafa ta dawo tsawon shekaru.